Muryar Baffa a Sabar Yaya

Yayana ne ya fara sanin kwamfuta a gidanmu na Kiyawa. Ya taɓa ɗaukar muryar Baffa, mahaifinmu, yana kiran sunayen shanunsa da Fillanci, ya ce ya ajiye ta a sabar, wato wata kwamfuta a wata ƙasa da yake adana ayyukansa. Baffa ya rasu, shekara na zagayowa Yaya ya bi shi a haɗarin mota, kwamfutarsa ta farfashe a motar.

Bayan sadakar arba'in Inna ta kira ni ɗaki.

"Ke da kike buga tafireta a ofis, ki ɗauko mini muryar nan."

"Inna, aikin ba ɗaya ba ne."

"To ki koya."

Matar Yaya ta ba ni littafinsa, inda ya rubuta adireshin sabar da kalmar sirri da sunan manhajar da yake rubuta aikinsa a ciki. Na kai shi wani kafe, wato shagon shiga intanet, a Dutse. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, an ware wa mata kwamfuta ɗaya bayan labule.

Mai kafen ya duba littafin ya girgiza kai. "Malama, wannan ba aika wasiƙa ba ne. Ni kaina ban taɓa shiga ba."

Na ce ya sauke mini manhajar kawai. Kwana biyu ya yi yana fama, layi na yankewa.

Manhajar tana haɗuwa da sabar ta hanya mai tsaro, ba mai ganin abin da ke wucewa, amma sai kalmar sirri ta yi daidai. Mako guda ina zuwa duk lokacin hutun azahar, tana ƙina. Ashe sifilin da Yaya ya rubuta nake karantawa a matsayin harafin O. Da na gyara, sai ga jerin folda, wato jakunkunan ajiya, a gefen hagu: aiki, gwaji, tsohon aiki, kada a taɓa.  Haka Yaya yake jera kayansa a ɗaki.

Na bi su ɗai-ɗai. Kowace na danna sai na jira, wata na cikin wata, yawancinsu rubutu ne da ban gane ba. Na sayi littafi ina rubuta inda na riga na shiga. A mako na uku, cikin foldar tsohon aiki, na ga wata mai suna ruga. Fayil ɗaya ne a ciki. Sau huɗu wuta na ɗaukewa kafin ya sauka, aka zuba mini a faifai.

A gidan maƙwabta muka kunna. Inna ta saurara har ƙarshe, ba ta motsa ba. Can ta ce, "Baffanku ya manta da jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho." Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi, ta ce a sake sawa.