Asabar Ɗin da Ban Zo Ba, Mama Scholastica

Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, 2025, labari ya iske ni a kan bulo a Narayi cewa Allah ya yi miki rasuwa. Na ajiye cokalin gini, na rasa ta inda zan sauko.

Mama, bayan kin yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwaje, ke kika auna rijiyoyin layinmu a Gonin Gora, kika ce akwai asanik a ciki, gubar da ba ta da launi balle wari. Har dariya muka yi miki, ni ne ma kan gaba. Ba ki yi fushi ba. Kika kwaɓa jar laka da ƙaiƙayin shinkafa da garin ƙarfen da kike tsintowa wajen masu walda a Makera, kika mulmula kamar ƙuli-ƙuli, kika gasa. Gida ashirin da uku kika ba bokitin tace ruwa mai gasasshiyar lakar a ciki, kowanne da kwanan wata da jan fenti. Kin sha gaya mana cewa lakar tana ƙoshi. Idan ranar ta wuce, ruwan zai fito garau amma da gubarsa.

Ni kika zaɓa ki koya wa gashin, don ni magini ne. Kika ce, "Yakubu, zo ka ga launin wutar da idonka, ba ya rubutuwa a takarda." Na ce sai Asabar. Asabar ta zo, na tafi kallon ƙwallo. Wata ta zo, na ce biki. Har kika daina tambaya. Gashin ƙarshe ke kaɗai kika yi shi, da tarinki, cikin hayaƙi da damina, ina jin ƙamshinsa daga ɗakina ban leƙo ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a zaman makoki. Blessing, maƙwabciyarmu mai goyon tagwaye, ta durƙusa ta ce, "Baba Yakubu, ai kai ta koya wa, ko?" Mutane suna kallo, na gyaɗa kai. Ta yi ajiyar zuciya, ta tashi da murna. A jikin bokitinta an rubuta 30 ga Nuwamba.

Na gwada sau biyu a ɓoye, dunƙulen lakar duk suka narke a ruwa. Don haka nake rubuta wannan inda kowa zai karanta: Blessing, ƙarya na yi miki, ban iya ba. Na je wurin Malam Wilfred, tsohon abokin aikin Mama, ya yarda mu yi ta gasawa duk Asabar yana aunawa. Idan ranar ta zo ba mu dace ba, kada ki ba yaran nan ruwan, komai haskensa.

Mama, ki yafe mini. Allah ya ji ƙanki, ya ba ki hutu a wurinsa, ya saka miki da kowane kofin ruwan da muka sha lafiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Tracy da dukan dangi, Ubangiji ya ba ku haƙuri. Gobe Asabar ce, Mama. Zan zo.