Kawuna Da Ya Koyi Tauna Tuwo

Kun taɓa ganin Bahaushe yana tauna tuwo? Ni na gani, kuma kawuna ne, Alhaji Mamman, yayan mahaifiyata, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a nan Alƙahira makon da ya wuce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni ina kasuwar Ataba, na je karɓo masa ɗaurin abayoyi da za a aika Maradi. Malam Nura ne ya kira ni, wani ɗalibi ɗan Kano da yake yawan zuwa gidanmu. Ya ce in bar kayan wurin mai shago in taho. Na ce kayan Kawu ne, ba na barin su a hannun kowa. Sai ya ce, "Lawali, Kawu ya gama da kaya." Na zauna a kan ɗaurin nan, mutane suna ture ni suna cewa ma'alish, wato in yi haƙuri, ni kuwa ban san ta inda ake tashi ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Kawu ya je unguwar Ard al-Liwa duba wani mutumin Tawa da ba shi da lafiya, ya hau bene da ƙafarsa, ya yi sallama, ya zauna, ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan rai ya yi halinsa.

Ni ba mai ilimi ba ne. Lakwal ɗina, wato boko, bai yi nisa ba, Larabcina ma har yanzu na sayen burodi ne. Da an bar ni, addu'a kawai zan yi in yi shiru. To amma ba a bar ni ba. Tun ba a share makoki ba, babban yayansu, Kawu Buhari, ya saki murya a waya, dangi duka sun ji. Ya ce matar marigayi, Tanti Zuwaira, ita ta kai shi aka ɗaure masa ciki don tana jin kunyar fita da ƙaton miji, kuma ɗaurin nan shi ya kashe shi. Ya ce da ta fita takaba ta koma gidan ubanta, yaran kuma a kawo masa, ba a barin marayu hannun wadda ta yi sanadin ubansu. A duk danginmu ni kaɗai ne na zauna cikin gidan nan. Ni na ga abin da ya faru. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Ranar da na sauka ƙasar nan Kawu ya zo tarbata, amma bai iya fitowa daga taksi ba, ta taga ya miƙo mini hannu. A gida in an ce Alhaji Mamman, sai a ce ai arziki ya zauna masa a jiki. Ni ma haka na ɗauka, sai da na zauna da shi. Ga sukari, ga hawan jini, ga gwiwa. Gidanmu a unguwar Hay el-Sabi' sama yake, in lif ya lalace sai mai gadin bene ya riƙa bin sa da kujera, ya hau kaɗan ya zauna, ya hau kaɗan ya zauna. Takalmi ni nake saka masa. Yakan ce mini, "Ƙiba kaya ce, kuma ɗan dakon ba a sallamarsa."

Duk da haka ban taɓa ganin mai son ciyar da mutane kamarsa ba. Kowace Juma'a in an sauko, ɗalibai 'yan Nijar da 'yan Najeriya suna cika falo, Tanti ta tuƙa tuwo da miyar kuka, a zauna a ƙasa a sa hannu kwano ɗaya. Ba ya tambayar sunan mutum sai ya ƙoshi. Yakan ce gidan da ba a wanke kwano da yawa kango ne, ko da an shafa masa fenti.

Abin da yake cin ransa ba wanda ya sani a Maradi. Sallah ce. A masallacin unguwarmu akwai kujerun roba a ƙarshen sahu, na tsofaffi da marasa lafiya, nan ne wurinsa. In mutane sun yi sujada, shi sai dai ya sunkuyar da kai. Wata rana muna dawowa, yana tafe yana haki, ya tsaya ya dafa wata mota ya ce, "Lawali, shekaru ke nan ina gaida Ubangijina daga zaune, kamar wani baƙon gwamna. Ina son goshina ya taɓa ƙasa kafin a sa ni cikinta." Wannan shi ne dalilin aikin da aka yi masa a ciki. Ba kwalliya ba ce, ba kuma mace ba ce.

Tanti ma ƙi ta yi. Wallahi ƙi ta yi. Ta ce ya bar cikinsa yadda Allah Ya yi shi, ta yi kwanaki ba ta yi masa magana sai gaisuwa. Kawu ne da kansa ya sa Malam Nura ya tambayo malamansu ko ya halatta, suka ce in don lafiya ne magani ne kamar kowane magani. Shi ya nemi likita, shi ya sa rana. Da ta ga ba zai fasa ba, ta shiga kicin ta yi kukanta, ta fito ta ce to me likita ya ce a dafa.

Likita ya ce kafin aiki a daina abinci mai nauyi, sai romo da nono marar maiƙo, wai don hanta ta sace a samu wurin aiki. Tanti ta ce ba za ta ci tuwo miji yana shan ruwan kaza ba, ita ma ta koma romo tare da shi. Juma'a ta zo a cikin kwanakin nan, na ɗauka za a ce wa ɗalibai su yi haƙuri. Ina! Aka tuƙa tuwo kamar kullum, ya zauna a tsakiyarsu da ɗan kofinsa. Suka kasa sa hannu don kunya. Ya ce yalla, su ci, shi yau da ido zai ci, kuma duk wanda ya rage loma ya cuce shi.

Aikin kansa ni har yau mamaki yake ba ni. Zobe ne kamar na roba ake sa wa tumbi daga sama, a bar 'yar jaka wadda ba ta fi ƙwai ba, abinci ya riƙa wucewa a hankali. Akwai wani ɗan abu kamar maɓalli da aka binne masa a ƙarƙashin fata, ya sa na taɓa da yatsa. Nan likita yake soka allura ya ƙara ruwa zoben ya matse, ko ya rage ya saki. Na ce Kawu, a garinmu abin da za a sa wa ciki ake nema, a nan kuma ɗaure shi ake yi? Ya fara dariya, ɗinki ya ja shi, ya ce in fita kar in kashe shi.

Bayan aiki aka yi ta kunu da romo, aka koma dankali da aka dame, har aka kai ga abinci sosai. Likita ya ja masa kunne a kan burodi da nama da shinkafa, ya ce ƙaramar loma, a tauna sosai, kar a sha ruwa ana cikin ci. Bai ambaci tuwo ba don bai san shi ba, mu kuma ba wanda ya yi tunanin tambaya, tunda tuwo ai laushi gare shi. Ranar da aka fara ba shi, ya yanko loma ya dangwali miya ya haɗiye, yadda ya saba tun yana yaro. Sai na ga idonsa ya yi ja, ya dafe ƙirji, miyau yana zuba, abin ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai da ya amayar. Muka koma wurin likita, Malam Nura yana fassara. Likita ya ce me ya hana shi taunawa. Kawu ya ce ai ba a taunawa. Likita ya ce to khalas, ya bar wannan abinci. Kawu ya ce a gaya masa an raba shi da kilishi ya haƙura, an raba shi da lemon kwalba ya haƙura, amma tuwo tare za a binne su. Zai tauna.

Haka ya koya, da furfurarsa. Loma kamar ta yaron da ake yaye, ya yi ta juya ta a baki. Ɗalibai suna ƙunshe dariya, ya ce su sake ta kar ta shaƙe su, loma ƙarama ma bismillah ake yi mata. Kuma ko ya ƙoshi ba ya cire hannu daga kwano, don ya san in mai gida ya tsame hannu baƙo ma tsamewa yake yi. Sai ya riƙa mulmula loma ɗaya yana ba da labari, har kowa ya ture.

Jiki ya fara sauka. Riguna suka yi masa yawa, mai gadi ya daina ɗauko kujera. Wata la'asar muna sallah a gida, ina bayansa, sai na ga ya ture kujerar da ƙafa. Ya yi ruku'u, ya sauka a hankali yana dafa bango, ya kai goshi ƙasa. Ya daɗe. Ya daɗe har tsoro ya kama ni. Da ya sallame, ga shatin tabarma a goshinsa, hawaye har gemu. Ya ƙwala wa Tanti kira ta fito da ludayi a hannu, ya nuna mata goshin. Ta koma kicin, muna jin ta tana face hanci.

Yanzu zan faɗi abin da Kawu Buhari ya gani, tunda da shi yake kafa hujja. Ya zo Alƙahira sarin kaya, ya sauka gidanmu. Tun a ƙofa ya ce me ya cinye ƙaninsa haka. Ranar Juma'a aka zauna kwano, ya ga yadda Kawu yake juya loma a baki, sai ya ce a gaban ɗalibai, "Mamman, mace ta mayar da kai akuya, tuƙa kake yi?" Kawu ya yi murmushi, don bai taɓa mayar wa yayansa magana ba. Kawu Buhari ya yanko ƙatuwar loma, ya dangwalo miya, ya miƙa masa ya ce ya haɗiye a gani in har ubansu ne ya haife shi. Kawu ya san abin da zai biyo baya, ni ma na sani. Ya karɓa, ya yi bismillah, ya haɗiye. Ya daure har aka ɗan ci gaba da hira, sannan ya tashi ya shiga bayi, na bi shi na riƙe masa kafaɗa. Da ya samu kansa na ce Kawu don me. Ya ce, "Yaya ne. Amai ya fi mini sauƙi a kan in kunyata shi gaban yara."

Wannan shi ne aman da aka kai labarinsa Maradi, aka ce Mamman ya lalace, abinci ba ya zama a cikinsa. Ba zobe ne ya sa shi amai ran nan ba, biyayya ce.

Likitan da ya duba shi bayan rasuwa ya ce zuciya ce, ta daɗe da gajiya tun shekarun nauyi, zoben kuma yana nan inda aka sa shi. Ni ba likita ba ne, abin da na sani ajali ne, kuma ajali ba ya tambayar mai ƙiba ko marar ƙiba. Amma na san mutumin da ba ya iya fitowa daga taksi ya rasu ne bayan ya hau bene da ƙafarsa don gaida marar lafiya. In wani yana ganin wannan asara ce, ni ban gani ba.

Kawu Buhari, kai ubana ne, ban isa in ɗaga maka murya ba. Amma matar nan tana zaune cikin takaba a ƙasar da ba ta da kowa, tana jin muryarka a waya ana yawo da ita, yaranta suna tambayarta wai da gaske ita ta kashe Baba. Ba ta rama ba, ba ta aika wa kowa amsa ba. Ni ne na kasa haɗiyewa.

Allah Ka jiƙan Kawu Mamman, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ƙasar Masar ta yi masa sanyi kamar ta gida. Allah Ka karɓi sujadar da ya sha wuya kafin ya samu, Ka ciyar da shi a Aljanna yadda ya ciyar da 'ya'yan mutane. Allah Ka ba Tanti Zuwaira haƙuri, Ka raya mata yaranta a gabanta, Ka sa su yi albarka. Allah Ka sanyaya zuciyar mahaifiyata da ta Kawu Buhari, don na san shi ma ƙaninsa ya rasa. Idan tamu ta zo Allah Ka sa mu cika da imani.

Yau jirgin Kawu Buhari yake sauka, ni aka ce in tarbo shi. Ɗazu Inna, mahaifiyata, ta kira ni tana kuka, ta ce in kama bakina, yaro ba ya shiga maganar manya, kar ya sa a mayar da ni gida. Na ce mata to, amma na riga na rubuta. Zan durƙusa in gaishe shi, zan ɗauki jakarsa, kuma kafin mu iso ƙofar gidan nan sai ya ji duk abin da kuka ji daga bakina. In ya ce in tattara in koma, zan koma, amma yaran nan ba da shiruna za a raba su da uwarsu ba.

Bari in tashi, hanyar filin jirgi akwai cunkoso.