Ranar da Aka Ɗaure Lawali Saboda Tambaya

Har gobe ban manta da Larabar da aka kira ni da wayar Lawali ba, amma muryar ba tasa ba.

Ku sababbin malamai kun san aikinmu a sashen share fage na kwaleji: waɗanda rubutunsu bai nuna ba, mu koya musu tsara magana da yin bincike kafin su shiga aji ɗaya. Lawali magidanci ne, tsohon mai haƙar zinariya, ga naci. Na ba su aikin hira da mutane a kan rayuwar ƙauye, shi kuwa ya hau babur ya nufi wani gari bayan Zugu inda ba a san shi ba.

Muryar ta ce, “Kai na malaminai? Mun kama infoma. In naka na, taho kahin la'asar.”

Ni matsoraci ne, ko karen maƙwabci ba na haɗa hanya da shi. Shugaban sashe ya ce, “Malam Sani, ɗauki katin aikinka ka tafi, Allah ya tsare.” Duk kurmin da muka ratsa, ina bayan ɗan acaba ina salati.

Na iske shi ɗaure a gindin tsamiya, leɓe a fashe, 'yan sa-kai sun kewaye shi. Babbansu ya ce, “Ji tambayoyinai: gida nawa ag garinga, yaushe aka zuwa gona, wa ad da shanu. Wa ka tambayar haka in ba ɗan aiken ɓarayin daji ba?”

Na miƙa masa kati. Ko kallo bai yi ba. Ya ce kati ko ɓarawo na da shi. Kuma gaskiya tambayoyin Lawali da na infoma iri ɗaya ne.

Sai wata tsohuwa ta ratso taron da sanda. Ta ce, “Ku dakata. Wanga ya zamna wurina, na ba shi labarin jikokina da gubar dalma ta kashe. Da yag gama rubutu sai yak karanta min, wai in gyara mai. Ya yi kuskuren sunan ƙaramar, nig gyara, yab ba ni haƙuri. Ku kun taɓa ganin infoma ya karanta ma mutum abin da yar rubuta?”

Babban ya ce, “Inna, kin tabbata?”

Ta ce, “Awo. Kwance shi.”

Karanta wa mai bayani abin da ka rubuta ƙa'ida ce da nake nanatawa a aji har ɗalibai na gunaguni. Yanzu na ƙara wata a gabanta: ba mai buɗe baki ya yi tambaya sai ya gaida mai gari, an haɗa shi da ɗan gari. A ƙasarmu tambaya ma tana iya kashe mutum.

A hanyar dawowa, da muka hango kwalta, sai Lawali ya juyo ya ce, “Malam, saura kaɗan in ƙyale karanta wa tsohuwar nan, don ina sauri.”