Fuskokin da Malam Isyaku Ya Bari Babu Suna

Ranar Talata da hantsi ina shagona ina buga wa wani sabon kansila takarda, sai Alhaji Garba mai kayan gini, maƙwabcinmu a layin, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Habibu, rufe shagon nan. Malam Isyaku ya cika." Na ce wane Isyakun, alhali Isyaku ɗaya gare mu a layin nan, mai hoto, wanda bango ɗaya ne ya raba shagona da nasa shekara goma sha ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya yi alwalar walaha ne ya ce kansa na sara, ya kishingiɗa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Da la'asar muka kai shi makwancinsa. Yau kwana arba'in ke nan, kuma har yanzu ban samu barcin kirki ba.

Na san shi tun ina buga takardu da tafireta, kafin in kai ga kwamfuta. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, amma bai taɓa nuna mini haka ba, sai dai tsokana. Akawu yake ce mini. Idan na yi kuskure a takarda na cire ta da fushi, sai in ji muryarsa ta bayan bango: "Akawu, a bi a hankali, takarda ba ta yi maka laifi ba." Ba ya ɗaukar mutum hoto fuska a ɗaure. Idan manomi ya zauna gabansa ya sandare kamar an kawo shi gaban alƙali, Malam zai ajiye kyamara ya tambaye shi gona, ya tambaye shi ruwan bana, ya gaishe shi da Kambarci ko Dukanci wanda shi kansa ya san a karkace yake faɗa. Sai mutum ya tuntsire da dariya, yana gyara masa, a nan ne zai ɗauka. Yakan ce, "Fuska amana ce, ba a mayar wa mai ita da ita a lalace."

Akwai abin da ya daɗe yana cinsa, wanda ya faɗa mini sau ɗaya tak. Mahaifiyarsa ta rasu yana shekara shida da fara sana'ar, bai taɓa ɗaukarta ba, domin fim yana da tsada, kullum na masu biya ne. Saboda haka da ƙanensa ya dawo daga aikin Hajji da wata kyamara da ba ta cin fim, wadda ake zura wa diski irin na kwamfuta, Malam ya ga hanya ta buɗe. Hotonta bai kai na fim kyau ba, shi da kansa ya faɗa, amma ɗauka kyauta ce. Sai ya shiga bin ƙauyuka a kan babur ɗinsa, Kumbashi, Zugurma, Tungan Magajiya, ya yi wa masu neman fasfo aikinsu da fim, idan ya gama ya nemi tsofaffin garin ya ɗauke su da sabuwar kyamarar ba ko sisi. Alkawarinsa ɗaya ne: ranar da tsoho ya rasu, iyalinsa su zo Kontagora a buga musu.

Diskin ne ya ba shi kunya. Kowane ɗaya bai wuce hoto ashirin ba, kuma ba ya jure zafi da jijjigar babur. Wata rana ya dawo daga Kumbashi da guda shida, muka sa a kwamfutata, huɗu suka ƙi buɗewa. Na juya su, na hura, na sake sawa, babu. Kafin ya koma garin, ɗaya daga cikin tsofaffin da ke cikin diskin nan ta rasu, ya je ya ba 'ya'yanta haƙuri kamar shi ya kashe ta. Da ya dawo ya ce mini, "Akawu, an ce akwai kwamfuta da ake saɓawa a kafaɗa. Ina so in riƙa kwafe hoto nan take, tun ban bar garin ba, idan ya ƙi in sake ɗauka mai shi na zaune." Na ce akwai, laftof ake ce mata, amma sabuwa ba ta irinmu ba ce, sai dai 'yar gwanjo, ita ma sai Kaduna.

Yadda ya shirya wa sayenta ya isa ya nuna wane ne shi. Bai tambaye ni sunan kamfani ba. Ya auno mudu uku na dawa ya ƙulle a jakar kyamararsa, ya rataya, ya tafi Tungan Magajiya ya dawo. Kwana biyu yana shafa man zafi a kafaɗa. Ya rage mudu ɗaya ya sake tafiya, ya dawo lafiya. Ya ce, "To, mudu biyu ne iyakata. Kaya mai nauyi a gida yake kwana, abin da ya kwana a gida kuwa bai yi mini aiki ba." Ya sayar da tsohon injinsa na wanke hoto, muka hau mota. Da ƙullin dawar nan ya shiga shagon mai kwamfutoci a Kaduna, yana riƙe shi a hannun dama, laftof a hagu, yana gwadawa. Mai shagon ya yi dariya har da hawaye, Malam ko a jikinsa.

Guda uku muka tsaya a kansu. Ta farko 'yar ƙarama ce mai kyan gani, amma ba ta da ramin zura diski, muka ture ta gefe. Ta biyu batirinta sabo ne, tana yin awa biyu babu wuta, sai dai ta haura mudu biyun sosai, kuma da ita za mu saya da sai mun dawo Kontagora mun sake shiri. Ta uku ba nauyi, tana da ramin diski, cikinta zai ɗauki hotunan shekaru, kuma kuɗin Malam ya kai. Aibinta ɗaya, batirin ba ya kai rabin awa. Malam ya daɗe yana shafa murfinta. Ya ce, "Akawu, ƙauyukan nan babu wuta. Ni kuma da yatsa ɗaya nake rubutu. Rabin awa zai ishe ni in kwafe hoto in kuma rubuta sunan kowa?"

Ga abin da na ce masa, kuma ina so in rubuta shi yadda na faɗa. Na ce, "Malam, kwafe hotunan kawai. Suna ai ba gudu yake ba. Idan ka dawo gida sai mu zauna, kana faɗa ina bugawa, minti nawa ne." Ban faɗi haka don na auna ba. Na gaji ne, ina jin yunwa, kuma ina so mu samu motar da za ta wuce Birnin Gwari da sauran rana. Ya dube ni ya ce, "Araha dai ba ta ado, amma tunda akawu ya ce." Muka biya muka taho.

Laftof ɗin ta yi aikin da aka saye ta dominsa. Daga ranar bai ƙara rasa hoto ko ɗaya ba. Yakan kwafe a gindin bishiya, ya juya wa tsoho ya ga kansa, ya kashe da sauri kafin batir ya mutu. Kwamfuta kuwa lamba take ba kowane hoto, ba ta san Audu ba, ba ta san Saratu ba. Sunayen suna kan Malam, har da sunan unguwa da na babban ɗa. Sau nawa ya shigo shagona da ita a hammata ya ce, "Akawu, yau za mu yi?" Bana kuwa shekarar komawa mulkin farar hula ce, shagona cike da masu takardar taya murna da masu neman aiki. Na ce gobe. Na ce bayan sallah. Na ce bari layin nan ya ragu. Bai taɓa ɓata rai ba. Zai ce, "Ba komai, suna nan a kaina," ya fita. Wata bakwai muka yi a haka.

Ranar sadakar uku maiɗakinsa, Inna Hajara, ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini laftof ɗin a cikin jakarta, ta ce, "Habibu, kullum yana cewa ku biyu ne za ku ƙarasa aikin da ke cikin nan. Ga shi, ni ban san kanta ba." Na karɓa. Na kai shago na buɗe. Fuskoki ne bayan fuskoki, tsofaffi maza da mata, yawancinsu suna dariya, ƙarƙashin kowanne lamba. Ko garin da aka ɗauki mutum ban iya rarrabewa ba. Na rufe na ajiye a ƙarƙashin tebur, na yi kwana goma ban iya sake taɓa ta ba. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Makon jiya wani manomi ya zo daga Zugurma, sunansa Bawa, yana neman mai hoto. Da aka gaya masa ya tsuguna a bakin shagon ya yi addu'a, sannan ya ce, "Baba namu ya rasu cikin damina. Malam ya ce idan ya faru mu zo. To yanzu shi ke nan ko?" Na ce ya shigo. Na gaya masa gaskiya, hoton na nan amma ban san wanne ba ne, sai dai mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka fara. Mun daɗe yana girgiza kai, can sai ya ce, "Tsaya! Wannan Baba Noma ne na bakin rafi. Ya rasu." Na buga sunan. "Wannan Kaka Ladi ce, tana nan, amma ba ta gani yanzu." Na buga. Ya ambaci mutum tara, biyar cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Da muka iso kan mahaifinsa sai ya ɗora yatsa a kan gilashin. Bayan wani lokaci ya ce, "Hular nan ba tasa ba ce. Baba bai da irinta." Na duba da kyau. Hular Malam ce, ruwan ƙasa, wadda na san ta shekara da shekaru. Na koma baya ina dubawa, sai ga ta a kan tsoho bayan tsoho. Ashe duk wanda tasa ta yage, Malam cire tasa yake ya sa masa. A gaban baƙo na yi kuka, ban iya ɓoyewa ba.

Na buga wa Bawa hoton ya tafi da shi a cikin riga. Abin da da Malam zai faɗa mini a yini biyu ina zaune a kujerata, yanzu sai na bi gari gari ina roƙo, kuma masu sanin sunayen su ma tsufa suke. Ban iya babur ba, ƙafata ma ba ta son tafiya, amma ranar Asabar zan rufe shago in hau motar Kumbashi da rabin awar batirin nan. Ina roƙon duk wanda ya san Malam Isyaku ya taɓa ɗaukar wani tsoho nasa, ya biyo ta shagona, ko da tsohon na da rai. Ba zan ce wa kowa gobe ba.

Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya suturta shi kamar yadda ya suturta bayinsa. Allah ya ba Inna Hajara da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu, ya albarkaci abin da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe mini jinkirina, ya ara mini kwanan da zan sauke wannan nauyi. Waɗanda ke cikin kwamfutar nan da suka riga suka tafi, ya Allah, ni ban san sunayensu ba, Kai ka san su ɗaya bayan ɗaya. Ka jiƙansu tare da shi. Amin.