Kwalba Mai Hoton Tuffa

Na sauka London ina da shekara ashirin da biyu a duniya, amma fasfo ɗina ya ce sha bakwai. Ba ni na yi ƙaryar ba. Ban shiga boko da wuri ba, na daɗe ina kiwon awakin babana, kuma ranar da aka kai ni firamare hedimasta ya dube ni sama da ƙasa ya ce na yi girma. Babana ya ce to a rage mana. Hedimasta ya ɗauki alƙalami ya zabge shekara biyar, daga ranar na zama ƙanin ƙanena a takarda. Ga ni gajere, ga fuska sumul ba gashi ko ɗaya, don haka ba wanda ya taɓa yin gardama.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnatin jiharmu tana ta kwasar duk wanda ya ci jarrabawa tana turawa waje. Ni aka ce in je in koyo aikin safiyo. Na bar matata da 'yarmu mai wata takwas a gidan babana, na hau jirgi.

Ɗaki na samu a Deptford, a saman wani kantin kayan miya, ni da wani mutumin kudancin Zariya mai karatun lantarki. Kirista ne, dogo, mai ƙasumba, kuma tun ranar farko Malam yake ce mini. Yakan sha abinsa ranar Asabar, amma bai taɓa shigo da kwalba ɗakin ba, kuma in barci ya danne ni da asuba shi ke jan bargona.

Da aka ba mu hutun bazara ya ce ba za mu koma gida a ce iyakar abin da muka sani a Ingila shi ne bas ɗin Old Kent Road ba. Ya yanko mana tikiti zuwa wani tsibiri da ke kudu, Isle of Wight, inda Turawa ke zuwa shan iska. Da na ji sai an tsallaka teku, na ɗauki fasfo na sa a aljihun kwat. Ya yi ta yi mini dariya a jirgin ƙasa, wai tsibirin ma Ingila ne. Na ce ni dai ban yarda da ƙasar da ruwa ya raba ta da gwamnatinta ba.

Mun isa da hantsi. Turawa kwance reras a kan yashi ba riga, kamar an shanya kilishi, ni kuwa ina cikin kwat da suwaita. Ba mu yi awa biyu ba sama ta ɓarke da ruwa. Muka ruga muka fake a wani gida kusa da tashar jirgin ruwa, sai da muka shiga na ga kwalabe jere har rufi.

Na ce, "Mutumina, nan ai mashaya ce."

Ya ce, "Ana sayar da abinci da lemo, Malam. Ko ka fi son ruwan sama?"

Ya karɓi nasa ya zauna gefen taga. Ni kuma na ce zan sayo nawa da kaina, domin a lokacin ina ji da Turancina. A kan kantar wurin na hango wata kwalba mai hoton tuffa ja-wur, an rubuta cider a jiki. Tuffa kuwa a littafin karatu kawai na san ta kafin in zo London, kuma tun da na ɗanɗana na kamu. Na nuna kwalbar da yatsa na ce a ba ni ɗaya.

Mai wurin wata mata ce mai jiki, za ta yi hamsin, da tabarau rataye a wuya. Ta ɗora shi a hanci ta dube ni.

"Shekararka nawa, ɗan yaro?"

To, a nan sai na yi bayani. Waɗanda suka riga mu zuwa sun gargaɗe mu cewa Bature ba zai ce maka don kana baƙi ne ba, dalili zai ƙirƙiro. Ni ma da nake neman ɗaki, gida uku aka ce mini yanzun nan aka kama, alhali takardar neman ɗan haya na manne a taga. Abin na nan a raina. Da ta ce ɗan yaro, sai na ce yauwa, yau ga ranar.

Na gyara kwat na fara jawabi. Na ce mata ni ɗalibin gwamnati ne, ba bara na zo yi ba. Na ce ƙasata ta karɓi 'yancinta, kuma man da ke cikin motocinsu ma wataƙila daga wajenmu ya fito. Na ce kawuna ya je yaƙin Bama saboda sarkinsu. Duk wurin ya yi tsit, wani tsoho mai lofe ya juyo da kujerarsa don ya ji da kyau.

Matar ta bari na gama, sannan ta ce a hankali, "Duk na ji. Amma doka ta ce sai ɗan sha takwas."

Fushi ya sa na manta da hedimasta. Na zaro fasfo na buga shi a kan kantar da ke gabanta, tas! Na ce ta karanta da kanta. Ta buɗe, ta karanta, ta ƙirga a yatsunta, sannan ta juyo mini da shafin ta ɗora farce a kan ranar haihuwar.

Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Ni sai na ciro hoton da ke cikin walat.

"Wannan matata ce. Wannan kuma 'yata."

Ta dafe ƙirji. "Wayyo! Kana sha bakwai?"

Na shiga yi mata bayanin awaki da hedimasta da shekara biyar. Ina yi ina ji da kunnena labarin yana ƙara lalacewa, domin a Turanci sai ya fito kamar awakin ne suka cinye shekarun. Tsohon nan mai lofe ya ce shi ya yi shekara talatin yana aikin jirgin ruwa, ya zaga duniya, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Matar ta ce ita ta yarda da ni, sai dai ɗan sanda takarda zai duba, kuma lasisinta ne zai tafi.

Na ɗaga hannu biyu sama na ce, "Wace irin ƙasa ce wannan da ruwan tuffa ma sai an kafa masa doka?"

Ta cire tabarau. "Ruwan me?"

"Ruwan tuffa! Ga hotonta nan!"

Sai ta buɗe kwalbar, ta tsiyaya kaɗan a kofi, ta miƙo ta ce kada in sha, in shinshina kawai. Na kai hanci. Wani tsami ya bugo ni, irin na kunun da ya kwana uku a ɗaki.

Ta ce, "Giya ce. Da tuffa ake yin ta, amma giya ce."

Na ce innalillahi da ƙarfi, na ja da baya har na taka ƙafar tsohon. Da na waiwaya, abokina ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa sai rawa suke, hawaye har cikin ƙasumba.

"Ka sani?"

"Na sani mana."

"Da ta ba ni fa?"

"Da na ƙwace kafin ka kai baki. Amma Malam, wa zai katse jawabi irin wannan? Har da Bama!"

Matar, Allah ya saka mata, ta ga yadda na muzanta, ta kawo mini wata kwalba kyauta ta ce lemon citta ne, yara ma suna sha. Na duba jiki na ga ginger beer. Na ce a'a, an cuce ni sau ɗaya da hoto, ba za a ƙara da rubutu ba. Ta rantse babu komai a ciki, tsohon ma ya sa baki, na kafe. Ƙarshe shayi ta haɗa mini, na ci da soyayyen kifi da dankali, kaina a sunkuye.

A hanyar dawowa na roƙi abokina ya rufa mini asiri. Ya yi alkawari, amma daga baya ya ce mutum ɗaya tak ya gaya wa, wani mai sayar da doya a Peckham. Kafin Juma'a labarin ya kai kunnen wani dattijon likita ɗan Kano, wanda a falonsa muke haɗuwa mu yi salla mu ci tuwo. Bayan an shafa ya ja ni gefe, fuska a murtuke.

"An ce ka je tsibiri ka ta da rigima sai an sayar maka da giya. Har da nuna hoton iyalinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba haka aka yi ba." Na kwashe komai na faɗa masa. Ya daure har na zo kan awaki, a nan ya ɗaga hannu ya ce in dakata, ya leƙa kicin ya ce, "Hajiya, bar tukunyar nan ki zo ki ji." Sau uku na maimaita labarin a ranar.

Da ya share hawaye ya ce, "To ita matar, ka ba ta haƙuri?"

Na ce kunya ba ta bar ni ba.

Ya sa aka kawo takarda da biro, ya zaunar da ni a teburin cin abinci, yana faɗa ina rubutawa. Na ba ta haƙurin zargin da na yi mata, na gode da shayi. Ya ce in ƙara da cewa ta fi abokin tafiyata hankali nesa ba kusa ba. Ban san sunanta ba, don haka a bayan ambulan na rubuta: ga mai gidan abinci na kusa da tashar jirgin ruwa, mai tabarau. Da na koma Deptford abokina ya karanta, ya gyara mini kuskure biyu a layin da aka zage shi, sannan ya sa takalmi ya kai gidan waya da kansa.