Ranar da Kogi Ya Shiga Gonar Tuffa

Akwai wani ƙauye a Faransa da na fi sanin lungunansa a kan na Ataba, unguwar kasuwa a birnin da nake karatu, alhali ban taɓa taka shi ba. Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Madinat Nasr, ni da wani Basakkwace mai karatun fiƙihu. Ƙanensa ya tsallaka teku ba takarda, ya ƙare da aikin gonar tuffa a wannan ƙauye. Da yake ni ɗan Maraɗi ne, na yi Faransanci a makaranta, sai na zama mai karanta taswira na dole. Kullum sai ya miƙo mini waya ya ce, "Malam, nuna mini inda yaron nan yake kwana."

Mutanen ƙauyen ba su kai na benenmu yawa ba. Coci a kan tudu, gidan burodi ɗaya, sai hanya ta gangaro ta haye gada zuwa fadama. A fadamar gonar take, bukkar katakon da yake kwana kuwa tana bakin kogi.

Wata rana bayan azahar ƙanen ya kira. Ruwan sama ya ƙi tsayawa, kogi ya shigo gona, mai gonar kuma ya tafi birni. Ya ce jandarmomi suna wucewa da lasifika, bai gane abin da suke faɗa ba. Ya ɗaga wayar na saurara. Cewa suke kowa ya hau tudu, an buɗe coci, za a rufe gada.

"Ya zauna inda yake," in ji abokina. "A garinmu ma haka ruwa yake zuwa da fushi, kafin la'asar ka ga yashi. Ya kai kansa gaban jandarma ba takarda? Su maido shi bayan duk wahalar da ya sha?"

Raina ya ɓaci. "Wannan ba rafin garinku ba ne! Dubi tuddan nan gabas da yamma, duk ruwansu a fadamar yake taruwa."

"Ma'alish, yi haƙuri, Malam, ƙanena ne, ba naka ba."

Muna cikin ihu muryar ƙanen ta fito. "Yaya, ruwa ya kai mini gwiwa a cikin ɗaki."

Abokina ya matso da wayar kusa da bakinsa. Ya ce, "Yalla, maza fita. Yi abin da Malam ya ce."

Na ce wa ƙanen ya riƙe shingen gona da hannun dama har ya ji kwalta a ƙafarsa, sannan ya miƙe. Muna jin numfashinsa da rugugin ruwa. Yana cewa ga gada, layi ya katse.

Muka yi ta kira, ba ta shiga. Aka kira la'asar muka yi salla, amma wallahi ban san me na karanta ba. Tsoro nake ji ko ni na tura ɗan mutane cikin kogi.

Muna sallamewa wayar ta yi ƙara.

"Yaya, ina cikin cocin. Wata tsohuwa ta ba ni bargo da shayi."

Abokina ya zube ƙasa yana hamdala.

"Amma Yaya," ya rage murya, "akwai jandarma yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar suna da inda mutum yake zaune. Ya kusa isowa kaina. Me zan ce masa?"

Abokina ya ɗago ya dube ni, ya miƙo mini wayar. Ni da na cika ɗaki da ihu ɗazu, na karɓa na kara a kunne, na san wannan hanyar ba ta cikin taswirata.