Ni da Surukata a Garin Ɓarayin Mota

Shekarun baya, ina da shekara ɗaya da 'yan watanni a ɗakin miji, na yi wani abu da har yau idan na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. A Kura muke zaune a lokacin. Maigidana manomin rani ne, tumatir da albasa, da damina kuma shinkafa. Ban da noma yana da ɗan shago a jikin katangar gidanmu, inda ya ajiye talabijin da na'urar gem, samari su zo su yi wasa bayan la'asar.

Bangon shagon nan shi ne bangon kicin ɗina. Duk abin da ake yi a ciki ina ji, amma ban taɓa gani ba. Idan ƙwallo suke bugawa ina ganewa. Amma akwai wani wasa da in aka sa shi sai in ji jiniyar 'yan sanda, da ƙarar birki, da harbi, ga samari suna ihu: "Fizgo shi! Ɗauke motar! Kai, sun biyo ka, shiga lungu!" Ina tuƙa tuwo ina ta saƙe-saƙe. Wane ne wannan bawan Allah da ake kora kullum? Me ya yi? Kuma me ya sa ba a taɓa kama shi an huta ba?

Na tambayi maigidan. Ya yi dariya ya ce, "Wasan samari ne, ba abin da zai dame ki." Ai kuwa wannan amsar ce ta ƙara min ƙaiƙayin son sani.

Ana nan sai wani saurayi ɗan maƙwabtanmu ya ɗauki babur ɗin mahaifinsa ba da izini ba, ya hau gaɓar kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki yana sheƙa gudu. Wai tsallake kwalbati zai yi. Shi da babur suka afka ruwa. Allah ya tsare, abin ya tsaya a karayar hannu. Da aka matsa masa da tambaya sai ya ce a gem ya ga ana yi. Mahaifin bai tsaya ko'ina ba sai gidan mai unguwa. Dattawa suka ce a rufe shagon, za a zauna a kan maganar idan an gama ɗibar tumatir, domin a lokacin ba wanda ke da sukunin zama.

Maigidan ya shiga damuwa sosai. Shagon nan shi ke rufa mana asiri duk shekarar da tumatir ya yi kwantai. Ga shi kuma ya riga ya yi magana da mai sayar masa da faifai a Kano, cewa ya ajiye masa sabon wasan da ake jira ya fito, ƙanin wancan na jiniya. Wata da watanni samari ba su da hira sai tasa. Ta bango na ji wani yana rantsuwa cewa garuruwa uku ne a ciki, wani ya ce har jirgin sama ana tuƙawa, wani ya ce ƙarya ne, faifai ɗaya ba zai ɗauka ba.

To, da aka rufe shago sai aka kwaso kayan aka ajiye a falona, aka lulluɓe da tsohon zani. Shi kuma maigida daga asuba yana gona, daga can ya bi kwandunansa zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ba ya dawowa sai gab da magariba.

Kwana biyu na yi ina share falo ina zagaye zanin nan. A rana ta uku aka kawo wuta da hantsi. Na ce bari dai in ɗaga in goge ƙura. Daga goge ƙura na jona waya. Daga jona waya na tsinci kaina a zaune a kan tabarma, riƙe da abin dannawar da samari ke kira hannu.

Wani mutum ne ya fito a tsaye a bakin titi, cikin riga mai furanni. Na tura wani ɗan maɓalli, sai ya tafi. Na saki, ya tsaya. Ni na saba da fim, inda ake nuna maka abin da aka ga dama. Wannan kuwa jirana yake yi. Na sa shi ya yi ta karo da bango, na sa shi ya zagaye bishiya sau biyar, daga ƙarshe na jefa shi a ruwa ya nutse. Na yi salati na rufe baki. Can sai ga shi ya fito daga asibiti garau, ko tari ba ya yi.

Da na koma titi, na danna wani maɓalli kusa da wata mota don in ga aikinsa. Kafin in ankara ya buɗe ƙofa, ya fizgo matar da ke tuƙi ya yar da ita a ƙasa. Na jefar da hannun na miƙe tsaye. Wallahi da ƙarfi na ce, "Yi haƙuri baiwar Allah, ban sani ba!" Ni kaɗai a falo, ina ba talabijin haƙuri.

Daga ranar na kafa wa kaina doka: ba zan ɗauki mota ba sai wadda na tarar a ajiye ba kowa a ciki. Kamar dai wannan ba sata ba ce. A haka na samu wata tasi, na kuma gano cewa idan ina cikinta mutane suna tsayar da ni in kai su unguwa. Shi ke nan na samu sana'a. Ni da ko keke ban taɓa hawa ba, sai ga ni ina sanin tituna, ina gane inda ake yanke hanya. Wata rana na bi wani titi har ƙarshensa, sai ga teku. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na madatsar Tiga, lokacin da aka kai mu daga makaranta. Na faka motar na zuba ido, rana ta faɗa cikin ruwan, fitilun gari suka kama. Na manta da cewa na ɗora wake.

Ban ji sallama ba. Daga baya ta ce min sau uku ta yi. Ɗagowar da zan yi sai na ga mahaifiyar maigidana a bakin ƙofa. Inna muke kiranta. Gidanta na bayan namu, sana'arta turara shinkafa, kuma mace ce da ko 'ya'yanta maza ba sa yi mata musu. Tsakanina da ita a lokacin gaisuwa ce kawai, in durƙusa in sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ke 'yar nan, me ke ƙonewa?"

Kafin in tashi ta riga ta shiga kicin ta sauke tukunyar da kanta. Ta dawo ta tarar da ni a durƙushe ina neman inda zan ɓoye hannun gem. Ta dubi talabijin, ta dube ni, sannan ta ja kujera ta zauna.

"Wannan ne abin da ya karya wa ɗan mutane hannu?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

"To ci gaba in gani. Ana ta surutu a kansa, kuma duk cikinsu ba wanda ya gan shi da idonsa."

Na ɗauki hannun gem na tayar da mota. Ba a yi minti goma ba Inna ta zama fasinja. "Rage gudu." "Bari tsohon nan ya tsallaka." "Wannan dogon gidan mutum nawa ne a ciki?" "Su matan garin nan ba a sayar musu da yadi ne?" Da muka je teku ta ce in matsa kusa ta ga ko da gaske motsi yake yi.

Washegari tana gama shanya shinkafarta sai ga ta. Jibi ma haka. A rana ta huɗu tana nuna min wani kanti, na waiga ina kallon yatsanta, sai na kaɗe wani mutum a gefen titi. Ya faɗi, jini ya malala, wasu kuɗi suka zube kusa da shi suna ƙyalli. Mutane suka ɗan watse, can kuma kowa ya ci gaba da tafiyarsa.

Inna ta ce, "Ba wanda zai tsaya a kansa?"

"Ba kowa, Inna. In an jima ma ɓacewa zai yi."

"Kuɗin nan fa?"

"Idan na taka su sun zama nawa."

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Wannan yawon tasi naki ne. Nuna min abin da su yaran ke yi."

Akwai wasu wurare da na daɗe ina kauce musu, inda in ka shiga ake ba ka aiki. Na shiga ɗaya. Da ɗan Turancina na sakandare na riƙa karanta rubutun da ke fitowa a ƙasa ina gaya mata: wannan mai ƙaton cikin ya ce a je a fasa wa wani mota, wannan kuma ya ce a bi wani mutum kada a bar shi da rai. Ta ce in kashe na'urar.

"Garin ya haɗu," in ji ta. "Wanda ya gina shi ya san aikinsa. Amma mutanen ciki ba su da dangi, shi ya sa ake taka su a wuce. Babba ya san wasa ne. Yaron da bai taɓa zuwa jana'iza ba fa?"

Ranar ba ta koma gida ba sai da ɗanta ya dawo. Ya shigo rigarsa duk ruwan tumatir, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Kai, ka san abin da ke cikin faifan nan da kake sa wa 'ya'yan mutane?"

Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya shi ƙwallo yake bugawa, wancan samari ne suka ce ya sayo, bai taɓa bin sa da nisa ba.

"To matarka ta sani."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya juyo ya ce, "Ke?" Inna ta ce a kunna. A gabansa na ɗauki fasinja daga bakin teku har filin jirgi, ko ƙwarzane ban yi wa motar ba. Ya saki baki yana kallo. Can sai ya ce, "Shi ya sa kwanan nan komai na gidan nan ke ƙaurin hayaƙi." Inna ta yi dariya har da tafa hannu. Ranar na fara ganin dariyarta sosai.

Mata ba sa zuwa zaman dattawa, amma mai unguwa abokin wasan Inna ne, don haka ana gobe za a zauna ta je ta same shi a gida. Ban san me ta gaya masa ba. Abin da na sani shi ne an buɗe shagon, da sharaɗin ƙwallo da tseren mota kawai, wancan faifan kuma ba zai sake shiga ba. Wasu samarin suka yi fushi suka koma wani shago a bakin tasha, maigidan ya ji a jikinsa, amma bai yi gardama ba. Inna kuma ta ƙara nata sharaɗin na cikin gida: duk sabon faifai sai an fara duba shi kafin ya je shago.

Bayan wasu watanni sabon wasan ya iso. Ranar da maigidan ya je Kano ɗauko shi, samari suka cika ƙofar gidanmu tun azahar. Ya sauko daga acaɓa, ya ratsa ta tsakiyarsu da leda a hannu, ya wuce cikin gida ya miƙa min. Mako guda muka yi a kansa ni da Inna. Mai rantsuwar nan ya yi gaskiya, garuruwa uku ne, ga daji, ga tsaunuka, ga ƙauyuka har da tarakta. Na hau keke, na tuƙa jirgin sama na faɗo da shi a kan wata gada. Sai dai bakin mutanen ciki ya fi na wancan ƙazanta. Akwai Turancin da na ce wa Inna ban gane ba, ta kalle ni ta ce, "Kin gane." Shi ma wannan faifan bai je shago ba.

Da samari suka dami maigidan sai ya ce musu kwamiti bai amince ba. Suka yi ta tsine wa kwamiti ta bango, ina ji ina yanka albasa. Ba su taɓa sanin cewa kwamitin ni ce da wata tsohuwa mai ƙaiƙayin shinkafa a zani ba.

Ban ce hukuncinmu daidai ne ɗari bisa ɗari ba. Waɗanda muka hana sun je sun buga a wani wuri, kuma yawancinsu yau magidanta ne masu mutunci. Abin da ya zauna min shi ne yadda Inna ta ja kujera. Tana da ikon ta yi min faɗa, ta sa a fasa na'urar, ba mai tanka mata. Sai ta zaɓi ta fara gani tukuna. Daga zaman nan ne kunyar da ke tsakaninmu ta ragu, har ta kai ni take fara gaya wa abin da ke damunta. Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani, a falon nan ta ce a shimfiɗa mata. Allah ya jiƙanta da rahama.

Abin da ya tuno min da duk wannan shi ne, jiya babban ɗana ya zo yana ta zumuɗi da waya a hannu, wai akwai sabon wasa irin wannan da duniya ke jira ya fito. Na ce ya nuna min. Ya ɗan ja wayar baya ya ce, "Umma, ba za ki gane ba." Babansa na cin abinci, ya ƙware har sai da aka ba shi ruwa. Yaron ya yi ta tambayar me ya faru, ba wanda ya ba shi amsa.

Yana cikin masu bibiyata a shafin nan nawa na intanet, don haka yanzu yake jin labarin tare da ku. Idan ka gama karantawa, ina kicin. Zo ka yi tambayarka.